Ayashe Mai Zanen Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu ga abin da ta ɗauko.

To, wannan ba ta dariya ba ce, mai son dariya ya adana haƙoransa.

A wani gari an yi wani wanzami mai suna Jatau. Garin nan kowane gida da zanensa. Ranar suna, in an gama yi wa jariri aski, sai wanzami ya tsaga masa zanen gidan ubansa a fuska, ya shafa baƙin tukunya. Ko yaro ya ɓata a kasuwa ba a tambayarsa ɗan wa ne, fuskarsa za a duba a kai shi gida. Duk zanen garin kuwa a hannun Jatau yake.

Yana da 'ya'ya mata biyu, Tarana da ƙanwarta Dela. Tarana ta gaji idon ubanta. Duk zanen da ta gani sau ɗaya, sai ta ɗauki gawayi ta fitar da shi a jikin sakaina ba kuskure.

Da ta isa aure sai ta auri wani masassaƙi ana ce masa Tunau. Tana sonsa, yana sonta, kuma son nan ne ya jawo abin da ya jawo. Ya ce amaryarsa ba za ta yi daka a turmin aro ba. Sai ya saɓi gatari ya shiga daji, ya sami wata tsohuwar bishiyar ƙirya mai kogo. Masassaƙan garin suna da al'ada: kafin a sa wa babbar bishiya gatari sai an yi mata sallama, a ƙwanƙwasa gindinta da ƙota, a koma gefe a jira, ko da mai gida a ciki ya kwashe nasa ya nasa. Tunau ɗokin ango ya hana shi. Yana zuwa sai sara.

Ashe a kogon nan akwai wata aljana makauniya da jaririnta. Ta fita neman abinci ta bar shi yana barci. Tana dawowa bishiya na faɗuwa, ta danne ɗan. Sai ta kama lalube, hannunta ya faɗa a kan fuskar Tunau yana sunkuye. Shi dai sanyi ya ji a kumatunsa, bai kawo komai a ransa ba. Ita kuwa ta shafa kuncin dama ta ji tsaga uku, ta shafa na hagu ta ji uku.

Ta ce, "Ɗa a bakin ɗa."

Tunau ya sassaƙa turmi mai kyau ya kai wa amarya, mata suka yi ta guɗa.

Shekara ta zagayo, Tarana ta haifi namiji. Ranar suna kakansa Jatau ya tsaga masa zanen gidan ubansa, uku dama uku hagu. Zanen bai gama warkewa ba, ran nan da tsakar rana sai guguwa ta shigo gidan, ta zaga ɗaki, ta fita. Yaro ya kama zazzaɓi. Ko murmushi bai koya ba aka kai shi bayan gari aka binne.

Ta sake haihuwa, aka sake zane, guguwa ta sake zuwa. Aka sake kai ɗa bayan gari. Mata suka fara raɗa a bakin rijiya, suna ce mata mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama.

A na uku Tarana ta ƙi barcin rana. Ta kwanta kusa da jaririn, ta rufe ido kamar mai barci. Sai ga guguwa. Guguwar na kwantawa a tsakar ɗaki sai ga wata doguwar mace, idanunta farare tas, ta ɗaura majanyi a ƙirji amma bayanta ba kowa. Ta durƙusa tana shafa fuskar yaron tana waƙa:

"Na shafa dama, na ji uku,
Na shafa hagu, na ji uku,
Ɗan mai gatari, zo in goya ka,
Bayana ya daɗe yana jin sanyi."

Tarana ta so ta yi ihu, baki ya ƙi. Ta so ta miƙa hannu, hannu ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Tana kallo aljanar ta zare kurwar yaron, ta goya, ta fita. To aljana ba ta da nonon da ɗan mutum zai sha. Kurwar ba ta daɗewa a bayanta take shuɗewa, majanyi ya koma ba kowa, ita kuma ta koma jiran wani.

Bayan an binne na ukun, Tarana ta kira ubanta da mijinta ta faɗa musu abin da ta gani. Tunau ya tuna ƙirya, ya tuna sanyin nan na kumatunsa. Ya miƙe zai cinna wa turmin wuta.

Jatau ya ce, "Zauna. Ƙona turmi ba ya ta da bishiya." Sai ya dubi hannunsa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ashe hannun nan nawa ne ke nuna mata ƙofa." Da ya koma gida ya rataye zabirarsa, jakar askarsa ke nan, bai sake taɓa ta ba.

Ana nan ana nan, Tarana ta sami ciki na huɗu. Ba wanda ya yi mata barka, ita ma ba ta yi wa kanta ba. Da cikin ya tsufa sai ta je wajen ubanta tare da mijinta.

Ta ce, "Baba, in na sauka a bar fuskar ɗan nan haka nan, ba zane."

Ya ce, "A garin da kowa ke da zane, mai fuska sumul ya fi kowa alama. Tana shafawa za ta gane ɓoye shi aka yi."

Ta ce, "To a yi masa na maƙwabta."

Ya ce, "Wannan satar asali ce. In ta gane kuma, mun kai wuta gidan da ba su ji ba ba su gani ba. In dai zane ne zai fisshe shi, sai wanda hannunta bai taɓa ji a fuskar ɗan Adam ba."

Sai Tunau ya ce, "Ɗana, a ce ba zanen ubansa? Me zan gaya wa dangi?"

Tarana ta ce, "Maigida, uku suna can bayan gari da zanen ubansu. Je ka tambaye su abin da ya yi musu."

Tunau ya haƙura.

Gari na wayewa ta ɗauki sakaina da gawayi ta nufi daji. Ta ce a ranta tunda na mutane ya ƙare, za ta je ta roƙi na dabbobi.

Ba ta yi nisa ba sai Kura ta leƙo daga rami. Ta ce, "Baiwar Allah, na ji zane kike nema. Ga nawa kyauta. Sai dai a rana ba ya fita da kyau, shigo daga ciki ki gani sosai." Tarana ta ce, "Na gode, daga nan ma na ga haƙoran." Ta yi gaba abinta.

Tana cikin tafiya sai ta iske Damisa kwance a kan dutse tana lasar hannu.

Damisa ta ce, "Mace da tsohon ciki a gabana, ba mashi ba sanda? Ko kin gaji da duniya ne?"

Tarana ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, aron zane na zo." Ta kwashe labari duka ta gaya mata.

Damisa ta ce, "Matso ki taɓa."

Ta matsa, ta shafa gashin. Laushi gare shi, yana sheƙi. Ta lura kowane rodi ɗigo biyar ne a zagaye, kamar an tsoma kan yatsu a tawada an dangwala. Ta fitar da shi a sakaina, ta auna a ranta yadda zai zauna a kuncin jariri, ɗaya dama ɗaya hagu.

Damisa ta ce, "In aka yi wa ɗanki wannan, ko a tafin hannun aljanar yake kwance ba za ta same shi ba. Amma ki sani, zane ba ya tafiya shi kaɗai, da halin mai shi yake zuwa. Ba ki ji ana yi mini kirari da ƙi-sabo ba? Zai sha nononki ya girma, ya wuce ki kamar bai taɓa ganinki ba. Ba zai saba da kowa ba, bakinsa kuma ba zai taɓa ce miki Inna ba."

Tarana ta dubi sakainarta. Can ta ce, "Na haifi uku, ba wanda ya kai ga kirana. Wannan ma in rasa?" Sai ta sa bakin zanenta ta goge sakaina, ta yi godiya, ta wuce.

Ta yi ta tafiya har ta iso wata fadama. Sai ta iske Zabuwa tana tono a gindin sabara. Ita wannan ba ta ma bari an gama gaisuwa ba.

Ta ce, "Zane? Ai kin zo gida! Ba ki ji an ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta ba? Duba nan, duba nan, juya ki ga bayan."

Tarana ta duba. Farin ɗigo ne ƙanana birjik a kan baƙi, kamar an watsa gero a baƙin faifai. Ta ɗiɗɗiga shi a sakaina, ta ga zai yi kyau in ya zagaye wuyan yaro ya hau haɓa.

Zabuwa ta ce, "Wannan hannu ba ya iya ƙirga shi. Tana shafawa tana ruɗewa, har ta gaji ta tafi. Sai dai mu zabi kin san halinmu. Ƙwanmu a ƙarƙashin kaza ake sa shi. Kaza ke ƙyanƙyashewa, kaza ke yi musu tono. Ɗanki zai rayu, amma a bayan wata. Ran da fiffikensa ya yi ƙwari kuma sai daji, don ɗan zabo ba ya riƙe gida."

Tarana ta ce, "In yi naƙuda, wata ta yi goyo?" Sai ta goge sakaina, ta yi godiya, ta wuce.

Kada ku ga laifinta. Wadda ta haifi uku ba ta yaye ko ɗaya ba, bayanta ma kwaɗayin goyo yake yi.

Rana ta karkata, ƙafafunta suka kumbura. Sai ta fito wani fili fetal, ba bishiya ba tudu. A tsakiyar filin ga Barewa tsaye ita kaɗai, inda duk mai ido zai hango ta. Tarana ta lura hantsarta cike take da nono, amma ba ɗa a kusa.

Ta gaishe ta, ta ce, "'Yar'uwa, ina ɗanki?"

Barewa ta ce, "Yana inda ba zan duba ba."

Ta ce, "Don me?"

Barewa ta ce, "In na duba, kura ta ga inda na duba. Ni ba ni da farce, ba ni da fiffike. Abin da na iya shi ne in kwantar da shi a ciyawa, in fito fili inda za a gan ni. In mai farauta ya zo, ni zai bi. Sai in ja shi nesa."

Tarana ta gaya mata abin da ya kawo ta. Barewa ta sunkuyo da kai ta ce ta taɓa. Gashin fuskarta gajere ne, lif-lif. Daga gefen kowane ido wani baƙin layi ya gangaro har bakin leɓe. Tarana ta bi shi da yatsa, sai ta ji da danshi.

Barewa ta ce, "Hawaye ne suka yi wa kansu hanya. Iyayenmu mata suka fara, mu muka gada."

Tarana ta ja layi biyu a sakaina. Duk cikin zanen da ta gani ba wanda ya kai shi sauƙi.

Barewa ta ce, "Me ya sa kika ƙi na Damisa?"

Ta ce, "Ba zai ce mini Inna ba."

"Na Zabuwa fa?"

"Wata ce za ta goya shi."

Barewa ta ce, "Don kanki kika ƙi su, amma kin yi daidai ba ki sani ba. Nauyin waɗancan ɗa ne zai ɗauka, ɗaya ya rayu bai san ƙauna ba, ɗaya ya rayu bai san gida ba. Aljanar kuma tana nan tana jiran ƙannensa da 'ya'yansa. Nawa nauyin uwa ce ke ɗauka. In an yi wa ɗanki zanena, za ta shafa ta ce ɗan dabba ne. Amma mai neman da bai samu ba ba ya tafiya, shinshine zai yi ta yi har ya gano. Sai an ba ta abin bi. Majanyinta ɗaya ne, in tana bin wani ba ta neman wani. Wanda ta shafa fuskarsa ta ji zanen da take nema kuma, ba ta sakin sawunsa har abada."

Tarana ta gane. Ta ce, "Wato ba zan ji ya ce Inna ba, kuma wata ce za ta goya shi."

Barewa ta ce, "Duka biyun."

Sai Tarana ta zauna a ƙasa ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko a kan kabarin na ukun. Ta kama bakin zanenta za ta goge sakaina, sai ɗan ya motsa a cikinta, ya harbe ta a haƙarƙari. Ta saki bakin zanen.

Ta ce, "Zai san ni?"

Barewa ta ce, "Wannan ya rage ga masu ba shi labari. Abu ɗaya zan ƙara miki. Ƙafar mutum ba ta tsere wa guguwa. Ran da taki ta gaza, ki kira ni in ara miki fata. Amma ki sani ba a tuɓe ta."

Tarana ta koma gida da sakainarta. Ba a daɗe ba ta sauka, ta sami 'ya mace. Tsofaffi suka ɗauki jaririyar suka ɗan ajiye ta a kan juji, yadda ake yi wa 'ya'yan mai wabi don a nuna kamar ba a damu da su ba, sannan suka ɗauko ta. Aka raɗa mata suna Ayashe.

Ranar suna Jatau ya sauko da zabirarsa, ya karkaɗe ƙura, ya wasa aska. Dela ma ta zo daga gidan mijinta da ɗanta da ya kusa yaye. Jatau ya dubi sakaina, ya dubi jikarsa, ya ja layi daga gefen ido zuwa bakin leɓe, dama da hagu. Ya shafa baƙin tukunya. Yana shirin mayar da aska sai Tarana ta durƙusa a gabansa.

Ta ce, "Baba, saura ni. Uku dama, uku hagu."

Sai a lokacin ta gaya musu sauran maganar Barewa.

Jatau ya ce, "Ba da hannuna ba. Fuskar nan ni na yi mata zane kina cikin tsumma. Aska ba ta komawa fuska ɗaya sau biyu."

Tunau ya ce, "Ni na sare bishiyar. Ni zan tafi, ta bi ni."

Tarana ta ce, "Maigida, naka zanen ya tsufa, kuma ba ka warin nono. Ita makauniya ce, sabon zane da warin nono ta sani, su ne jariri a wurinta. Ba za ta bi ka ba." Sai ta juya ga ubanta ta ce, "Baba, kai ka ce hannunka ne ke nuna mata ƙofa. To hannun nan ya nuna mata hanyar fita."

Jatau ya sake wasa askar. Sannan ya goge idonsa da hannun riga don ya ga abin da yake yi, ya kama haɓar 'yarsa. Tunda yake wanzanci bai taɓa yin zanen da ya miƙe kamar wannan ba, bai kuma taɓa ƙin aikinsa kamar ran nan ba.

Tarana ta ɗauki Ayashe ta ba ta nono har ta ƙoshi ta yi barci. Ta sunsuni kanta. Ta kwance tsumman jikin jaririyar ta yafa a nata jikin, sannan ta miƙa wa Dela ita.

Ta ce, "Ki goya ta kamar taki."

Dela tana kuka ta ce, "Yaya, zan goya, zan shayar, zan aurar. Amma sunan Inna naki ne, ba zan taɓa shi ba."

Rana na take tsaka sai ga guguwa. Ta shigo, ta kwanta a tsakar ɗaki, doguwar nan ta bayyana. Duk wanda ke ɗakin jikinsa ya yi nauyi. Tarana kuwa tana waje, ta takure a gindin turmi. Aljana ta lalubo jaririyar a cinyar Dela, ta shafa dama, ta shafa hagu.

Ta ce, "Wannan ɗan barewa ne. Ina nawa?"

Ta ɗaga hanci tana shinshinawa. Ta zaga ɗaki, ta dawo. Hannunta ya sake nufar fuskar Ayashe. Sai Tarana ta ƙanƙantar da murya ta yi ɗan kukan jariri daga gindin turmi. Aljana ta juya, ta fito, ta durƙusa. Yatsunta masu sanyi suka hau sabon zanen, ta soma waƙa:

"Na shafa dama, na ji uku,
Na shafa hagu, na ji uku,
Ɗan mai gatari, zo in goya ka..."

Kafin ta kai ƙarshe Tarana ta zabura ta fita da gudu. Guguwa ta tashi ta bi ta.

Ta fita ƙofar gari, ta ratsa gonaki, ta faɗa daji. Ku tuna fa mai jego ce. Ƙaya ta yayyage ta, nono na zuba, numfashi na sarƙewa. Ta ji sanyi ya fara taɓa ƙeyarta. Tana isa filin nan gwiwoyinta suka sage, ta faɗi.

Ta ce, "'Yar'uwa, ƙafata ta gaza!"

Sai ga Barewa ta jefa mata fata. Fatar na taɓa ta ta manne, hannuwa suka zama ƙafafu, gashi ya rufe zanen fuskarta. Ta miƙe ta cilla, ta bar guguwa a baya.

Haka ta zauna shekara da shekaru. Tana kiwo kunnenta na baya. In guguwa ta matso sai ta gudu. In kuma ta ji ta yi nisa har tana neman ɓatar da sawu, sai ta tsaya ta buga kofato a ƙasa don ta ji ta biyo, domin ta san ran da aljanar ta rasa ta, gida za ta koma. Duk inda za ta bi sai ta ba garinsu baya. Kuka kuwa ta yi shi har layi biyu suka fito mata a fuska irin na sauran barewa. Wani lokaci in ta kwanta hutawa sai ta riƙa lissafi a ranta, yanzu ta fara rarrafe, yanzu an yaye ta, yanzu ta isa ɗaukar tulu. Ba ta san ko tana raye ba ma.

Ta tsufa, gudunta ya fara raguwa. Wata damina sai ta iso wani babban kogi ya cika ya batse. Ta faɗa ta yi iyo ta haye. Guguwa ba ta taka ruwa, sai ta tafi zagaye. Tarana ta ga ta sami tazarar da ba ta taɓa samu ba. Ta ce a ranta, "Sau ɗaya dai. In gani da idona."

Sai ta juya ta nufi garinsu. Da hantsi ta iso gonakin bayan gari, ta tsaya a bakin wata gona. Ga wata matashiyar mace tana tsinkar kuɓewa, da goyo a bayanta. Matar ta ɗago. Layi biyu ne a fuskarta, daga ido zuwa leɓe. Ɗan da ke bayanta ya leƙo, shi ma da nasa.

Tarana ta tsaya cak. Ta so ta matsa, ta so ta gudu, ta kasa ko ɗaya.

Ayashe ta ga tsohuwar barewa ta kafe ta da ido ba ta gudu ba. To Dela ta cika alkawari. Tun yarinyar na koyon magana ta ce mata, "Ni Iya za ki ce mini. Ɗaya sunan da mai shi, ki adana mata." Ta kuma ba ta labari duka, ba ta rage komai ba. Sai Ayashe ta ajiye ƙwaryar kuɓewa a hankali, ta tako, ta miƙa hannu. Barewa ta sunkuyar da kai. Ayashe ta buɗa gashin kuncin dama da yatsa, ta ji tabo uku. Ta buɗa na hagu, ta ji uku.

Ayashe ta buɗe baki ta furta kalmar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta ce, "Inna."

Tarana ba ta da bakin amsawa. Ta lashi tafin hannun 'yarta, ta kai hanci ta sunsuni ƙafar jikanta. Ayashe ta rungume wuyanta tana cewa, "Inna, Inna, zo mu je gida. Kaka ya rasu, amma Baba yana nan, kullum sai ya fito bakin daji ya tsaya."

Sai can ƙarshen gona ganyen dawa ya fara juyawa.

Tarana ta zame wuyanta daga hannun 'yarta. Ta yi tsalle gefe, nesa da mai goyo, ta buga kofato a ƙasa da ƙarfi har sai da guguwar ta juyo. Sannan ta ba gari baya ta cilla daji, ba ta waiwayo ba, don kada a ga inda ta duba.

Tun daga ran nan zuriyar Ayashe a garin nan zanen barewa ake yi musu, kuma barewa ta zama kan gidansu, ba sa harbinta ba sa cin namanta. Masassaƙansu kuwa ko reshe za su sara sai sun yi sallama.

To kun ji. Zane ba ado ne kawai ba, kafin ka roƙi na wani ka tambayi nauyin da ke ƙarƙashinsa da wanda zai ɗauka. Kuma so iri biyu ne, akwai mai cewa a ba ni, akwai mai cewa a bar shi ya rayu. Tarana ta shiga daji da na farko, ta fito da na biyu.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ta tafi da ƙafafunta huɗu. Ku kuma duk mai uwa a kusa ya tashi ya je ya kira ta, tun tana da bakin amsawa.